RA'AYI: Mu ne alƙaluman da suka ruɗi shugabannin BlackBerry

Kwanakin baya ina kwashe tsofaffin takardu daga wata durowa sai na ci karo da wayata ta BlackBerry Bold, batirinta ya kumbura, fatar bayanta ta soma ɓarewa. Ko da zan samu ta ɗauki caji babu abin da za ta tsinana mini, domin tun ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe rumbunan da irin waɗannan wayoyi suka dogara da su. Amma duk wanda ya yi aiki a Sakatariyar Tarayya, ko ya riƙe wa wani minista ko sanata jaka tsakanin 2009 da 2013, ya san matsayin wannan baƙar waya a zamaninta. A wurin taro lambar PIN ake musanya kafin lambar waya. Ɗan jan hasken nan mai ƙyaftawa ya raba hadimai da yawa da barcin dare. Har fim 'yan Kudu suka yi a 2011 mai suna BlackBerry Babes, a kan 'yan matan da ba sa sauraron namijin da ba zai iya saya musu ita ba.

Labarin da aka saba bayarwa shi ne iPhone ta fito a 2007 ta kashe BlackBerry, shi ke nan. Wannan taƙaitawa tana da daɗin faɗa, sai dai alƙaluma ba su goyi bayanta ba. A shekarar kuɗin da ta ƙare a watan Maris na 2007, kamfanin Research In Motion, wato RIM, mai mazauni a garin Waterloo na ƙasar Kanada, ya yi cinikin kimanin dala biliyan 3, masu amfani da wayarsa kuma wajen miliyan 8 ne. Shekara huɗu bayan zuwan iPhone, a shekarar kuɗin da ta ƙare a Fabrairun 2011, cinikin ya kai dala biliyan 19.9, ribar kuma biliyan 3.4. Yawan masu amfani da wayar ya ci gaba da hawa har ya kai miliyan 80 a Satumbar 2012. Wato a tsawon shekarun da cutar ke cin kamfanin ta ciki, rahoton da ake ajiye wa shugabanninsa a kan tebur cewa yake yi lafiya lau, har ma ƙiba ake yi.

Daga ina ƙibar take zuwa? Daga wurinmu. A Amurka, inda ake yanke wa kowace waya hukuncin gobenta, BlackBerry ta riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a farkon 2010, amma kafin ƙarshen 2012 ta faɗo ƙasa da kashi 10. Giɓin da Amurkawa suka bari, mutanen Indonesiya da Afirka ta Kudu da Najeriya da ƙasashen Larabawa da Kudancin Amurka ne suka cike shi, yawanci da wayoyi masu araha irin Curve 8520. Mu kuwa abin da ya ja mu sananne ne: kuɗin intanet na da tsada a lokacin, tsarin BlackBerry na wata-wata da MTN da Glo da Airtel da Etisalat ke sayarwa ya fi sauƙi, ga kuma BBM da ake hira a kai ba tare da ƙirga kuɗin kowane saƙo ba. Daga cikin abin da muke biya duk wata, kamfanonin sadarwa na miƙa wa RIM wani kaso a kan kowane layi, kuɗin da a lokacin ganiyarsa ya kai kimanin dala biliyan 1 duk wata uku daga faɗin duniya. Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin wayoyin da muke saya a Banex ko Computer Village na hannu ne, waɗanda Turawa suka ajiye bayan sun koma iPhone. Bature ya fita ta ƙofar gaba, wayarsa ta dawo ta ƙofar baya a hannun ɗan Najeriya, a littafin kamfani kuma lamba ba ta ragu ba.

Masu hannun jari su ne ba su ruɗu ba. Farashin hannun jari ba sakamakon bara yake aunawa ba, hasashen baɗi yake yi. A watan Yunin 2008 hannun jarin RIM ɗaya ya haura dala 140 a kasuwar Nasdaq, darajar kamfanin ta zarce dala biliyan 80, har ya zama kamfani mafi daraja a Kanada na ɗan lokaci. A cikin 2011 kaɗai, shekarar da ya bayyana ciniki mafi yawa a tarihinsa, hannun jarin ya zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na darajarsa. A Satumbar 2012, watan da aka yi shelar masu amfani miliyan 80, ana sayar da shi ƙasa da dala 7. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a Waterloo an fi karkata ga ganin cewa kasuwa ce ba ta fahimci kamfanin ba.

A nan batun shugabanci ya shigo. Mike Lazaridis ne ya kafa kamfanin a 1984, injiniya ne na gaske, mutumin da ya san darajar kowane ɗigon batir da kowane ƙwayar data. Jim Balsillie ya zo a 1992, shi kuma ɗan kasuwa ne mai kaifin baki da zafin ciniki. Su biyun suka riƙe kujerar shugaban zartarwa tare, kuma adalci ya sa a faɗa cewa wannan tsari ne ya ɗauko kamfanin daga ƙaramin ofis ya kai shi inda shugaban Amurka Barack Obama ya dage a 2009 sai an bar masa BlackBerry ɗinsa a fadar White House. Ba zan bi sahun masu cewa shugabanci biyu haramun ne a ko'ina ba. Matsalar ta taso ne daga wani wuri: a Disambar 2010 mutanen biyu suka haɗa da shugabancin hukumar daraktoci, hukumar da aikinta shi ne ta sa musu ido. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan da sauri. Kamar a ce Babban Sakatare shi ne kuma mai binciken kuɗin ma'aikatarsa, shi zai kashe, shi zai duba, shi zai sa hannu cewa komai daidai ne. Ga shi kuwa tun a 2007 Balsillie ya taɓa sauka daga shugabancin hukumar saboda badaƙalar sauya kwanan wata a takardun hannun jarin da ake bai wa manyan ma'aikata.

Ana yawan ambaton yadda Balsillie ya shafe 2006 zuwa 2009 yana fafutukar sayen ƙungiyar wasan hoki na ƙanƙara, sau uku yana nema sau uku ana hana shi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin babban laifi ba, kowane mai kuɗi da abin da ke ɗauke masa hankali. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunnuwan shugabannin suka toshe. A ƙarshen 2008 suka yi gaggawar fitar da Storm, wayarsu ta shafa ta farko, domin kamfanin Verizon na neman abin da zai kara da iPhone. Wayar ta fito da matsaloli, masu saye suka riƙa mayar da ita. A Afrilun 2011 suka fitar da ƙaramar kwamfutar hannu ta PlayBook ba tare da manhajar imel tata ta kanta ba. Kamfanin da duniya ta sani da imel ya sayar da na'urar da sai an jona ta da waya kafin a karanta saƙo! Kafin shekarar ta ƙare sai da suka rubuta asarar dala miliyan 485 a kanta. A wannan watan na Afrilu ne Lazaridis ya katse hira da BBC don an tambaye shi game da taƙaddamar tsaro da gwamnatocin Indiya da Gabas ta Tsakiya.

Ranar 30 ga Yunin 2011 abubuwa biyu suka faru da ya kamata kowane hadimi ya tsaya ya dube su da kyau. Na farko, shafin labaran fasaha na BGR ya wallafa wata buɗaɗɗiyar wasiƙa daga wani babban ma'aikacin RIM da ya ɓoye sunansa. Wasiƙar ba ta zagi ba ce, ta mai kishin wurin aikinsa ce. Ya ce kamfanin ya fi damuwa da faranta wa kamfanonin sadarwa rai fiye da mai riƙe da waya, ayyuka sun yi yawa babu wanda ake kammalawa da kyau, ba a hukunta manajan da ya gaza, kuma mutum ba ya iya faɗin gaskiya a cikin gida ba tare da tsoron abin da zai samu aikinsa ba. Martanin kamfanin ya fara ne da nuna shakku kan ko marubucin babban ma'aikaci ne da gaske, sannan ya tunatar da jama'a cewa yana da tsabar kuɗi kusan dala biliyan 3 kuma ba a bin sa bashi. An ce maka rufin ɗakinka na yoyo, ka amsa da cewa rumbunka cike yake da hatsi.

Na biyu, wasu masu hannun jari ƙarƙashin kamfanin Northwest & Ethical Investments sun shigar da ƙudurin a raba kujerar shugaban zartarwa da ta shugaban hukuma, za a kaɗa ƙuri'a a taron shekara na watan Yuli. Sai RIM ya lallashe su suka janye, bisa alkawarin kafa kwamitin da zai yi nazari ya kawo rahoto nan da ƙarshen Janairun 2012. Mu a Abuja ba sai an fassara mana wannan ba. Idan ana so magana ta kwanta, kwamiti ake kafa mata, a ba shi wata shida da kuɗin zama. Kafin kwamitin ya gama shan shayinsa, a watan Oktoba na'urorin kamfanin da ke Slough a Ingila suka tsaya, saƙonni suka daina tafiya kwana uku zuwa huɗu a Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, daga baya har Amurka. Waɗanda ke aiki a lokacin za su tuna yadda aka yi ta cire batir ana mayarwa, ana zagin kamfanin layi a kan laifin da ba nasa ba. Abin da BlackBerry ta fi tinƙaho da shi, wato ba ta yanke wa mutum saƙo, shi ne ya zube a makon nan.

A Janairun 2012 Lazaridis da Balsillie suka sauka, aka naɗa Thorsten Heins, Bajamushe, ɗaya daga cikin mataimakansu. Jawabinsa na farko ya nuna cewa bai ga buƙatar wani gagarumin sauyi ba, kasuwa kuma ta amsa masa nan take da zaftare kusan kashi 8 na darajar hannun jarin a rana guda. Cikin wata biyar sai ga shi yana sanar da korar ma'aikata 5,000 da ɗage fitowar sabon tsarin BlackBerry 10 zuwa 2013. Da Z10 ta fito a ƙarshen Janairun 2013, kasuwa ta riga ta watse. A Satumba suka rubuta asarar sama da dala miliyan 900 kan wayoyin da suka yi kwantai, suka ƙara sallamar mutum 4,500. Tayin Fairfax na sayen kamfanin gaba ɗaya kan dala biliyan 4.7 ya rushe a Nuwamba, Heins ya tafi, John Chen ya zo.

Akwai wata shawara guda da nake ganin ta fi dukkan waɗannan nauyi, kuma ta shafe mu kai-tsaye. Abin da ya riƙe ɗan Najeriya a kan BlackBerry shi ne BBM, kamfanin ma ya san haka. Tambayar ita ce, a buɗe BBM ga masu Android da iPhone, ko a ci gaba da kulle shi don a tilasta wa mutane sayen waya? Tsoron shugabannin ba na wauta ba ne: idan BBM na kan kowace waya, me zai sa a sayi Curve? Balsillie, a ƙarshen zamaninsa, ya tsaya kan a buɗe shi a sayar wa kamfanonin sadarwa a matsayin magajin saƙon tes. Heins ya soke shirin, Balsillie ya fice daga hukumar daraktoci a Maris ɗin 2012, daga baya ya sayar da hannun jarinsa duka. Sai a Oktobar 2013 aka saki BBM ga sauran wayoyi, ihu bayan hari. Wata huɗu bayan haka Facebook ya sayi WhatsApp kan dala biliyan 19, ninki huɗu na abin da aka taya BlackBerry ɗungurungum. Amma tun a 2010 an kawo musu amsar har ƙofar gida. Wasu matasa a nan garin Waterloo, jagoransu tsohon ɗalibin koyon aiki a RIM, suka fitar da manhajar hira mai suna Kik wadda ke aiki a kan kowace waya, ta samu mutum miliyan ɗaya cikin kimanin mako biyu. RIM ya cire ta daga shagon manhajojinsa, ya kuma maka su a kotu.

Wannan ya kawo mu ga shari'o'in haƙƙin ƙirƙira, inda tarihin kamfanin ya zama ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. A farkon shekarun 2000 RIM ne ke jan abokan hamayya kotu, Glenayre da Good Technology da Handspring, har 'yan jarida suka riƙa yi masa shaguɓe da cewa ƙara ce sana'arsa. Ana cikin haka wani ƙaramin kamfani a jihar Virginia mai suna NTP, wanda ba ya ƙera waya ko ɗaya, illa takardun haƙƙin wani injiniya Thomas Campana kan aika imel ta iska, ya aiko wa RIM wasiƙa a 2000 yana tayin lasisi. Ba a ɗauki wasiƙar da muhimmanci ba. A 2001 NTP ya shigar da ƙara, a Nuwambar 2002 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ce RIM ya keta haƙƙin da gangan, suka ci shi tarar kimanin dala miliyan 23. A zaman shari'ar ne ɓangaren RIM ya yi gwajin wata tsohuwar na'ura don nuna cewa fasahar ta girmi takardun Campana, sai aka gano manhajar da ke cikinta ba ta wancan zamanin ba ce. Alƙali James Spencer ya fusata, tarar ta koma dala miliyan 53.7, da barazanar dakatar da BlackBerry a faɗin Amurka.

RIM na da hujja. Ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na Amurka da kansa ya soma watsi da takardun NTP ɗaya bayan ɗaya da aka sake duba su, gwamnatin Amurka ma ta roƙi kotu kada a kashe wa ma'aikatanta wayoyi. Amma agogon kotu ya fi na ofishin rajista sauri. Sulhun dala miliyan 450 da aka ƙulla a 2005 ya wargaje, a ranar 3 ga Maris 2006 RIM ya biya dala miliyan 612.5. Wasiƙar da aka bari a tire ta koma wannan adadi cikin shekara shida. Kuma shekarun da shugabannin suka ƙarar suna kai da komowa tsakanin lauyoyi su ne shekarun da Apple ke ƙera iPhone a ɓoye, Google kuma ya sayi Android.

Darasin da suka ɗauka daga wannan dukan shi ne su tara takardu. A 2011, ana tsakiyar faɗuwar hannun jari da korar ma'aikata 2,000, RIM ya zuba kimanin dala miliyan 770 cikin haɗakar da ta sayi takardun haƙƙin rusasshen kamfanin Nortel kan dala biliyan 4.5 tare da Apple da Microsoft da wasu. Hakan bai hana ƙararraki zuwa ba. A Disambar 2011 kotu ta hana su amfani da sunan BBX da suka raɗa wa sabon tsarinsu, don wani kamfani a New Mexico ya riga su. A Yulin 2012 aka ci su tarar dala miliyan 147 a shari'ar Mformation, kodayake alƙali ya soke ta bayan wata guda. A Disambar shekarar suka sasanta da Nokia, wadda ita ma a lokacin take fama da kanta, kan biyan kimanin dala miliyan 65 nan take da ƙari a gaba. Majinyata biyu a ɗaki ɗaya suna faɗa kan bargo.

Na san mai karatu zai ce ma'aikatar gwamnati ba kamfani ba ce, ba ta da hannun jarin da zai faɗi. Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ne ya sa lamarinmu ya fi haɗari. RIM na da wata kasuwa da ke faɗa masa gaskiya kowace safiya a bainar jama'a, duk da haka ya shafe shekara uku yana musu da ita. Mu ba mu da wannan ƙararrawa. Abin da minista ko darakta zai sani game da hukumarsa shi ne abin da hadimi ya ɗora a saman fayil, kuma kowa ya san irin takardar da ke hawa sama: yawan tarukan bita da aka yi, yawan yarjejeniyoyin fahimta da aka sa wa hannu, yawan mutanen da suka yi rajista. Duk lambobi ne na gaskiya, kamar yadda miliyan 80 ɗin RIM ta kasance gaskiya. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce su waye ke fita, kuma me ya sa. Na taɓa zama a wani taro inda wani ƙaramin jami'i ya ɗaga hannu ya ce yawancin waɗanda aka ƙirga a wani shiri ba su sake dawowa ba bayan zuwan farko. Aka yi shiru, shugaban taro ya ce a kawo maganar a rubuce ta hanyar da ta dace, aka wuce abu na gaba. A taron da ya biyo baya ba a gayyace shi ba.

Shi dai kamfanin bai mutu ba. John Chen ya daina ƙera waya a 2016, ya mayar da hankali kan manhajojin tsaro da kuma QNX, tsarin da aka saya a 2010 don ceto waya amma ya ƙare a cikin motoci fiye da miliyan 200. A Maris ɗin 2018 BlackBerry ya kai Facebook da WhatsApp da Instagram ƙara kan fasahar aika saƙo, yana neman a kotu abin da ya ƙi ɗauka a kasuwa. Suka sasanta a farkon 2021 ba tare da bayyana adadi ba. An rufe BBM na jama'a ranar 31 ga Mayun 2019, a lokacin rukunonin hirar ofisoshinmu sun daɗe da komawa WhatsApp. A 2023 kamfanin ya sayar da takardun haƙƙi kusan 32,000, yawancinsu na zamanin waya, ga wani kamfanin Ireland mai suna Malikie Innovations, wanda shi ma kamar NTP ba ya ƙera komai. Kuɗin da aka biya a hannu ranar cinikin dala miliyan 170 ne, mafi yawan sauran kuma sai abin da Malikie ya iya karɓowa daga wasu kamfanoni nan gaba.